Iskar sa barci da hanta: me ya sa ɓera, akuya da mutum ba su ba da amsa ɗaya ba?

Maganin sa barcin da ake shaƙa wa mutum ko dabba kafin tiyata ruwa ne a cikin kwalba. Na'ura ce ke mai da shi tururi, ya bi numfashi zuwa huhu, ya shiga jini, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa. In an gama aiki an rufe na'urar, ta inda ya shigo yake fita. Shekara da shekaru likitoci sun ɗauka iyakar labarin ke nan. A 1964 Russell Van Dyke da abokan aikinsa a Amurka suka nuna, da ɓeraye, cewa ba duka yake fita ba. Wani kaso hanta ke tarewa ta farfasa, kuma a cikin ɓaraguzan nan ɓarnar take.

Yawan abin da hanta ke farfasawa ya bambanta ƙwarai daga magani zuwa magani. Na halotan ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na abin da jiki ya sha. Na enfuluran wajen kashi 2 ne, na isofuluran kashi 0.2, na desfuluran kuwa 0.02. Yadda suke a jeren nan, haka rahotannin lalacewar hanta suke raguwa daga na farko zuwa na ƙarshe. Sebofuluran yana tsakanin kashi 2 da 5, amma hanyarsa daban ce, za mu zo kanta.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu a Maraɗi shi ne halotan. Turai da Amurka sun ajiye shi tuntuni, amma a ƙasashenmu ya daɗe yana aiki, don yana da araha, ba shi da ƙauri, yaro yana shaƙarsa ba tari ba shaƙewa. Ga kuma ɗalibai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na fannin lafiya da na noma da kiwo, da ke karanta sakamakon binciken da aka yi a kan dabbobi suna kafa hujja da shi. "An gwada a ɓera" magana ce da ke rufe baki a wajen muhawara. Ni kuwa a ganina bai kamata ta rufe ba, sai an ji wane ɓera ne, me aka yi masa kafin a shaƙa masa maganin, da kuma irin iskar da aka haɗa masa da shi. Tarihin halotan kaf ɗinsa a kan waɗannan tambayoyin ya tsaya.

Kulorofom ne ya fara nuna hanya. James Young Simpson ya shigo da shi aiki a Edinbura a 1847, ba a jima ba aka lura wasu marasa lafiya suna farfaɗowa garau, sai bayan kwana biyu ko uku amai ya taso, ido ya yi ɗorawa, rai ya yi halinsa. A 1909 George Whipple da abokin aikinsa Sperry suka shaƙa wa karnuka shi a Jami'ar Johns Hopkins, suka ga tsakiyar kowane ɗan yanki na hanta ya mutu, suka kuma ga in karen ya rayu hantar tana tofowa ta koma daidai cikin ƴan makonni. Opie da Alford, wajen 1914, suka gano dabbar da aka ciyar da abinci mai sitaci ta fi jure gubar a kan wadda aka cika wa kitse. A 1937 Goldschmidt da Ravdin da Lucké a Filadelfiya suka nuna in an haɗa maganin da wadatacciyar iskar oksijin ɓarnar tana raguwa sosai. Sha'anin kulorofom ba shi da wuyar ganewa, guba ce kai tsaye: hanta tana mai da shi fosjin, iskar nan da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma gwargwadon abin da aka shaƙa gwargwadon ɓarna, a kare ko a mutum. Abin lura dai, tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu an san cikin dabba da iskar da take shaƙa suna sauya sakamako.

Halotan bai zo da wannan sauƙin ba. Charles Suckling ne ya haɗa shi a kamfanin ICI na Ingila a 1951, James Raventós ya gwada shi a kan dabbobi bai ga abin tsoro a hanta ba, Michael Johnstone ya fara ba mutane a Mancesta a 1956. Likitoci suka yi na'am da shi, don ba ya kama wuta kamar "ether", maganin shaƙar da aka saba da shi a da. Daga 1958 rahotanni suka fara fitowa na mutanen da hantarsu ta narke bayan tiyata. Da abin ya yi yawa, Amurka ta bi bayanan sa barci wajen dubu 856 da aka yi a asibitoci 34 tsakanin 1959 da 1962. An samu mutum 82 da hantarsu ta mutu ƙwarai, galibinsu da wani dalilin da ake iya nunawa, kamar zubar jini ko ruɓar ciki. Mutum 9 ne ba a ga dalili ba, 7 daga cikinsu halotan aka ba su, 4 daga cikin bakwai ɗin kuma an taɓa ba su shi cikin makonni 6 da suka gabata. Daga nan lissafin da ake yawan faɗa ya samo asali, cewa 1 cikin dubu 35 na waɗanda aka ba halotan ne hantarsa ke mutuwa haka. Binciken ya kuma nuna in aka duba mace-mace baki ɗaya, halotan bai fi sauran magungunan zamaninsa kisa ba. Shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa: wasu na cewa cutar gaskiya ce, wasu na cewa ƙage ne ake yi wa magani mai kyau.

Daga baya aka fahimci abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai ƙaramin rauni, wanda kusan 1 cikin 5 na manya ke samu, ba a ganinsa sai a gwajin jini, kuma yana warkewa da kansa. Akwai babban, mai wuyar samu, mai farawa da zazzaɓi sannan shawara, wanda ke kashe rabi ko fiye na waɗanda ya kama. Shi wannan ya fi kama mata, masu ƙiba, masu matsakaicin shekaru, kuma kusan kullum bayan an maimaita maganin. Yara ba kasafai ba.

Masu bincike suka koma ɗakin gwaji neman dabbar da za ta yi irin wannan ciwon, don in ba ka iya haddasa cuta da gangan ba, da wuya ka san sanadinta. Kusan shekara 20 abin yana ba su wuya. A shaƙa wa lafiyayyen ɓera halotan, ya tashi ya ci abincinsa.

Kafin a ga dabarar da suka yi, sai an san yadda hanta take a ciki. Jini na shigo mata ta hanya biyu. Kusan kashi uku cikin huɗu daga hanji yake zuwa, ya riga ya sauke wani abu na oksijin ɗinsa a can. Ragowar ne ke zuwa kai tsaye daga zuciya. Hantar kuma ƴan yankuna ne dubbai, kowanne jini na shiga ta gefensa ya gangara zuwa wata ƴar jijiya a tsakiya. Wanda ya san fadamar Jiratawa ya san fangalin da ke ƙarshen magudana: ko ruwa ya wadata shi ne na ƙarshen sha, in ya ragu kuwa shi ke fara bushewa. Ƙwayoyin tsakiyar yankin hanta haka suke da oksijin. Kuma a daidai wurin ne anzim ɗin da ake kira CYP2E1, wato sinadarin da ke farfasa halotan da kulorofom da barasa, ya fi taruwa. Wurin da ya fi ƙarancin iska shi ne wurin da ake dafa gubar. Wannan ya sa duk ɓarnar da za ka gani a madubin likita, ta guba ce ko ta rashin iska, wuri ɗaya take fitowa, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su.

A 1979 McLain da Sipes da Brown a Jami'ar Arizona suka fito da hanyar da ta yi aiki. Sai su ɗauki ɓera namiji, irin babban nan fari na ɗakin gwaji, su yi kwanaki suna ba shi fenobarbital, wani maganin farfaɗiya, don anzim ɗin hantarsa su ninku. Sannan su sa shi a akwati su shaƙa masa halotan kashi 1 cikin 100 na awa 2, a cikin iskar da oksijin ɗinta kashi 14 ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 21 ce. Washegari tsakiyar yankunan hantarsa ta mutu. Bayanin da aka bayar mai ma'ana ne: in oksijin ya yi ƙaranci, hanta tana farfasa halotan ta wata hanya ta biyu, mai fitar da ɓaraguzai masu cin kitsen da ke jikin bangon ƙwayoyinta. Aka yi murna, an ce an kama ɓarawo.

Murnar ba ta daɗe ba. A ɗakin binciken Edmond Eger a San Faransisko, wani mai bincike ɗan Japan, Koh Shingu, ya yi abin da ya kamata a ce an fara da shi. Ya ba ɓeraye fenobarbital, ya rage musu iska sosai, bai ba su halotan ko ɗigo ba. Hantarsu ta lalace. Ya sake, ya sauke oksijin zuwa kashi 10, ya ba wasu enfuluran, wasu isofuluran, wasu ma allurar tiyofental ko fentanil waɗanda ba shaƙarsu ake yi ba. Aka ga ɓarna a cikinsu duka. A wani aikin da suka buga a 1983, sun nuna zafin jikin ɓeran yana ƙara ɓarnar, har ma kamfanin da aka sayo ɓerayen daga wurinsa yana sauya sakamako, ko da sunan irinsu ɗaya ne a takarda. Van Dyke shi ma ya nuna hana ɓera abinci kafin gwaji yana buɗe ƙofar ɓarnar. A 1984 Simon Gelman ya auna gudun jini a hantar karnuka, ya ga halotan yana rage abin da ke zuwa ta hanyoyin biyu duka, isofuluran kuwa yana barin hanyar zuciya a buɗe.

To me ɓeran Arizona ya koyar? Ya koyar da gaskiya, amma ba wadda aka je nema ba. Ya nuna hantar da aka kunna da magani, aka hana ta abinci, aka rage mata iska, ba ta jure sa barci, kuma halotan ya fi sauran matsa mata. Wannan yana iya bayyana ƙaramin raunin nan na 1 cikin 5. Babban ciwon kuwa bai kama hanyarsa ba. A ɓera namiji ne ke kamuwa, a mutane mata. A ɓera kwana ɗaya ya isa, a mutum sai an yi kwanaki. A ɓera karo na farko ne, a mutum sai an maimaita. Kuma mutanen da suka mutu ba a rage musu iska ba.

Ɓeran Masar ya fi kusa. A 1985 Lunam da Cousins da Hall a Adeled ta Ostireliya suka nuna shi ba ya buƙatar fenobarbital ko rage iska; halotan kawai, cikin wadatacciyar oksijin, yana lalata hantar wasu daga cikinsu. Wasu, ba duka ba. Da suka haɗa masu kamuwa da masu kamuwa suka hayayyafa, ƴaƴan suka fi kamuwa, wato abin yana bin jini. A Arizona kuma Lind da Gandolfi suka yi wata dabara mai kyau: suka musanya ƙwayar haidirojin ɗaya tilo da ke jikin halotan da irinta mai nauyi, wadda anzim ke shan wuya kafin ya ɓalle ta. Ɓarna ta ragu. Ma'ana laifin yana ga hanyar farko, ta yau da kullum, mai aiki da oksijin, ba hanyar ƙarancin iska da aka yi shekaru ana zargi ba.

Wannan hanya ta farko tana fitar da wani ɓaragujen da ake taƙaita sunansa da TFA, mai saurin manne wa duk furotin ɗin da ya tarar a cikin ƙwayar hanta. Furotin ɗin da aka manna wa TFA ya sauya kama. A jikin mafi yawan mutane ba abin da ke biyo baya. A jikin ƴan kaɗan, garkuwar jiki tana ganinsa baƙo, ta yi masa shiri, ranar da aka sake shaƙa maganin ta far wa hantar mai ita.

Zomo ne ya ba da shaidar wannan, ba tare da shi kansa ya yi ciwon ba. A 1980 Diego Vergani da abokan aikinsa a asibitin King's College na Landan suka shaƙa wa zomaye halotan, suka ciro ƙwayoyin hantarsu, suka zuba musu ruwan jinin mutanen da suka yi babban ciwon. Garkuwar da ke cikin jinin ta kama ƙwayoyin. Jinin waɗanda aka ba halotan ba su yi ciwo ba bai kama ba. Daga baya Lance Pohl da Satoh a cibiyar binciken lafiya ta Amurka suka tabbatar TFA ne a manne, suka fara tantance furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kafin duk wannan ma, a 1969, Klatskin da Kimberg sun ba da labarin wani likitan sa barci da hantarsa ke tashi duk lokacin da ya koma ɗakin tiyata, ta lafa in ya yi hutu. Da aka shaƙa masa ɗan kaɗan da gangan, ciwon ya dawo. Mutum ɗaya ne, amma ya faɗi abin da ɗaruruwan ɓeraye ba su faɗa ba.

Kusu, ɗan ƙaramin nan da bai wuce giram 25 ba, shi ne na baya-bayan nan. A 2006 ɗakin binciken Cynthia Ju a Kolorado ya nuna irin da ake kira BALB/c yana kamuwa sosai, irin C57BL/6 kuwa ko a jikinsa, alhali duka biyun suna yin TFA kusan daidai wa daida. Bambancin yana ga yadda fararen ƙwayoyin jini ke rububin shiga hantar. A 2010 wasu a Jami'ar Jihar Mishigan suka ɗauko siffofin mutanen da ciwon ya fi kamawa suka nema a kusu: mace, baliga, mai yunwa, ta irin da ke kamuwa. Suka samu ɓarna mai tsanani. Sai dai duk wanda zai kafa hujja da waɗannan ya san ba shaƙa musu aka yi ba, narkar da halotan aka yi a man zaitun aka yi musu allura a ciki, kuma karo ɗaya ne. Dabbar da za a shaƙa wa yau ta tashi lafiya, a sake bayan wata guda garkuwarta ta cinye hantarta kamar yadda ake gani a mutum, har yanzu ba a yi dace da ita ba.

Akwai kuma inda dabba ta yi ƙararrawar da ba ta shafi mutum ba. Fuluroksin, wani maganin shekarun 1950, yana kashe karnuka da kyanwoyi da zomaye in an maimaita musu, don jikinsu yana mai da shi wata barasa mai guba, alhali an ba mutane da yawa shi lafiya. Isofuluran kansa ya yi jinkirin fitowa kasuwa saboda wani binciken Thomas Corbett na 1976 da ya ga ƙari a hantar kusu. Da Eger ya maimaita da dabbobi masu yawa bai ga komai ba, aka kuma gano dabbobin farko sun gurɓata da wani sinadarin hana gobara da ya shiga abincin dabbobi a Mishigan a shekarun nan. Sai 1981 maganin ya samu shiga. Sebofuluran kuma in ya haɗu da garin da ke tsotse iskar da aka fitar a cikin na'ura yana haifar da wani abu mai lalata ƙodar ɓera, amma shekaru sama da 30 ana ba mutane ba a ga haka ba.

Sai akuya, wadda ta fi kusa da mu. Garin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙetare, ga cibiyar kiwonta a nan, ya kamata ya san abin da aka rubuta. A 1986 wasu likitocin dabbobi a Amurka suka ba da rahoton awakin da hantarsu ta mutu bayan an sa su barci da halotan, maganar ta shiga littattafai, aka riƙa cewa a yi hattara da halotan a jikin akuya. A 2000 wasu a Jami'ar Kornel suka gwada da gangan, halotan da isofuluran, a kan matasan awaki masu lafiya, ba su ga ɓarna ba. Ba saɓani ba ne in ka riƙe darasin ɓeran Arizona. Kalmomin da za a ja wa layi su ne "matasa" da "masu lafiya".

Akuyar da za a kawo wa likitan dabbobi a Maraɗi a watan Afirilu ba ita ce ta Kornel ba. Ta fito daga rani, haƙarƙarinta a waje. Wataƙila tana ɗauke da tagwaye, abin da aka san jar akuya da shi, kuma mai ciki in abinci ya gaza kitse ne ke taruwa a hantarta. In tana kiwo a bakin tafkin Madarunfa ko cikin gulbi, akwai yiwuwar tsutsar hanta, wadda kowane mahauci ya san kamanninta. In ana ba ta tunkuza ko dusar da ta yi fumfuna, akwai afalatoksin, gubar da aka gano bayan ta kashe talotalo wajen dubu 100 a Ingila a 1960 ta hanyar tunkuzar gyaɗa. Tsutsar ciki ta sha mata jini, don haka oksijin ɗin da jinin ke ɗauka ya ragu. In an kwantar da ita tumbinta ya kumbura ya danne huhu. In an fara da allurar zailazin mai kwantar da dabba, ita ma tana rage iskar jini a tumaki da awaki. Ga zafin da ya haura 40 a ma'auni. Yunwa, zafi, ƙarancin iska, hantar da ta riga ta gaji: abubuwan da Turawa suka yi shekaru suna ƙirƙira a akwati don su samu ɓera ya kamu, mu a nan kyauta bazara ke kawo su. Gaskiya ne yawancin aikin dabbobi a karkara da allura ake yi, ba da na'urar shaƙa ba. Amma duk wanda zai yi bincike da na'urar a kan awakinmu, in ya ga hanta ta taɓu, kada ya yi saurin ɗora wa kwalba.

Ga kuma wani tarko da ɗalibi ke faɗawa. Gwajin jinin da aka saba yi wa mutum da kare da ɓera don duba hanta shi ne ALT. A akuya da tunkiya da saniya ALT ba ya faɗin komai, don hantarsu ba ta da shi da yawa. Sai a nemi wasu anzim ɗin hanta a jini, GLDH ko SDH, a haɗa da AST da GGT. Wanda ya auna ALT a akuya ya ga bai tashi ba, ya rubuta cewa magani bai taɓa hanta ba, bai auna komai ba. Lokacin ɗibar jinin ma magana ce: awa 1 bayan farfaɗowa ya yi wuri, ɓarnar tana bayyana ne bayan kwana 1 zuwa 3. Kuma in ba a ware wani rukuni da aka hana abinci daidai, aka kwantar daidai, aka ba iska daidai, ba tare da maganin ba, to an koma kuskuren da Shingu ya gyara tun 1982.

Ko shimfiɗar keji tana da hannu. A 1967 Elliot Vesell ya nuna garin katakon wasu itatuwa masu ƙamshi, irin wanda ake zuba wa ɓeraye su kwanta, yana ninka anzim ɗin hantarsu. Ɗalibin da ya je wajen masu aikin katako ya ɗebo buhun gari, bai san daga wane ice ya fito ba, ya riga ya ba dabbobinsa magani kafin ya fara. Ɓera da kusu kuma ba sa amai, don haka ba dalilin hana su abinci kafin sa barci, sai in yunwar ce ake son a gwada.

Wani abin da ke damuna in ina karanta ayyukan ɗalibai na yankinmu, musamman masu gwada ko zogale ko sabara na kare hanta, shi ne yawan ganin an sa dabbobin barci da kulorofom a cikin kwalba kafin a ɗebi jini. Ƴan mintoci ba su isa su kashe ƙwayoyin hantar wanda ke cikin kwalbar ba, wannan gaskiya ne. Amma sauran da ke jiran layi a ɗaki ɗaya suna shaƙar tururin, wasu har kwana biyu ko uku, shi ma ɗalibin yana shaƙa. A 1953 Deringer da abokan aikinta sun ba da rahoton yadda kulorofom da ya tsere cikin ɗakin dabbobi ya kashe mazan kusu ta hanyar lalata musu ƙoda, matan suka tsira. Auna lafiyar hanta da gubar hanta a buɗe a kan tebur ba dabara ba ce, kuma ƙa'idojin kula da dabbobin bincike na yau sun hana.

A gefen mutane, abin da za a ɗauka daga duk wannan ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Shawara bayan tiyata a Maraɗi tana da iyaye da yawa kafin a zo kan maganin barci: zazzaɓin cizon sauro, ciwon hanta nau'in B wanda ya yi yawa a Nijar, ƙarin jini, sikila, ruɓar ciki, faɗuwar jini lokacin aiki. Dangi za su ce, "Aiki ya yi kyau, shawara ce ta kama ta daga baya," a koma ga saiƙo da jiƙo. Ba gwajin da za a yi a nan ya ce halotan ne. Sai an kore sauran. Wannan ya sa ba wanda zai ce ciwon babu shi a wurinmu don kawai ba a rubuta shi ba. Tambayoyin da ke da amfani kafin aiki sanannu ne. An taɓa sa ki barci, Hajiya? Yaushe? Kin yi zazzaɓi ko idonki ya yi ɗorawa bayan nan? Hukumar kula da magunguna ta Ingila tun 1986 ta ce kada a maimaita halotan cikin wata 3 sai da dalili mai ƙarfi, kuma wanda ya taɓa yin zazzaɓi ko shawarar da ba a gane kanta ba bayan halotan, kada a sake ba shi har abada. Masu ƙuna da masu karaya da ake mayarwa ɗakin tiyata a kai a kai su ne abin ji. Sai mai shan izoniyazid na tarin fuka, wanda ke ninka CYP2E1, da shi ma Dolores Njoku da abokan aikinta suka kunna hantar ɓerayensu a 1997 lokacin da suka nuna halotan ya fi enfuluran manna wa furotin ɗin hanta ɓaraguzai irin na TFA, enfuluran kuma ya fi isofuluran da desfuluran. Mai farfaɗiya da ke kan Gardénal kuwa, fenobarbital ɗin ɓeran Arizona ne yake sha kullum.

Halotan dai yana kan hanyar fita. Kamfanin Piramal na Indiya, wanda shi ne babban mai haɗa shi da ya rage, ya sanar da daina yinsa a 2023, a shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sebofuluran cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Canjin ba na kwalba kaɗai ba ne, kowane magani da irin tukunyar tururinsa, sai an saya, an kuma koya wa ma'aikata. Wanda kuma halotan ya taɓa tayar wa hanta, komawa isofuluran ko desfuluran ba ta wanke shi sarai ba, don su ma suna yin TFA ko da kaɗan ne, kuma an samu waɗanda garkuwarsu ta gane shi ta tashi. Sebofuluran ba ya yin TFA. Abin da hanta ke fitarwa daga gare shi ana ɗaure shi nan take a zubar ta fitsari. Ga irin wannan majinyacin, shi ne zaɓi in akwai, in babu kuwa ketamin ko allurar baya, kuma a rubuta sunan maganin da ranar da aka ba shi a cikin karnensa, wato littafinsa na asibiti.